Kyogre na Pokémon: daga wace almara ya fito, kuma me ya sa ruwan sama yake binsa?

Tambaya: Na sha jin 'yan gem suna cewa Kyogre, dodon tekun nan na Pokémon, daga Lewiyatan na littattafan Yahudawa aka ɗauko shi. Gaskiya ne? Kuma wane irin ƙarfi gare shi da ake shakkarsa haka?

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ita ke nan ba. Abin da Lewiyatan ya ba Kyogre matsayi ne kawai, wato zama sarkin teku a cikin manyan halittu uku da suka raba duniya. Jikinsa na wata dabbar teku ce ta zahiri da ake kira orka. Ikonsa a kan ruwan sama kuwa, wanda shi ne ainihin Kyogre, ga alama daga almarar Japan ya fito, kuma ya ci karo da labarin Lewiyatan kai tsaye. A cikin wasan ba a ambaci sunan Lewiyatan ko sau ɗaya ba. Masu wasa ne suka ga kama suka haɗa.

Bari mu fara da abin da wasan, wanda a cikinsa ake kama halittu ana sa su faɗa, ya faɗa da bakinsa. Kamfanin Game Freak ya fito da Kyogre a Pokémon Ruby da Sapphire na na'urar wasan hannu ta Game Boy Advance, waɗanda suka shiga kasuwar Japan ranar 21 ga Nuwamba, 2002. Lambarsa a jerin halittun wasan 382, jinsinsa ruwa zalla. Kundin wasan ya ce shi ya faɗaɗa teku da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya da manyan igiyoyi, ya ceci mutanen da fari ya addaba, sannan ya yi mummunan faɗa da Groudon, mai faɗaɗa tudu, daga nan ya kwanta barci. A Emerald na 2004, da su biyun suka farka suka kacame a birnin Sootopolis, Rayquaza ne ya sauko daga sama ya raba su.

Wannan rabon na teku, tudu da sama shi ne ya tuna wa mutane Lewiyatan. Sunan a Ibraniyanci daga tushen kalmar da ke nufin murɗewa ko nannaɗewa yake, kuma dabbar ta girmi littattafan da aka fi saninta a cikinsu. Daga 1929 masu tonon tarihi ƙarƙashin Bafaranshe Claude Schaeffer suka fara haƙo allunan yumɓu a Ras Shamra, gaɓar tekun Siriya, inda tsohon birnin Ugarit yake. A allunan, waɗanda suka haura shekara 3,000, akwai Lotan, maciji mai kai bakwai da ake wa kirari da "maciji mai gudu, maciji mai murɗewa", na ɓangaren Yam, abin bautarsu na teku. Kusan wannan kirarin ne aka maimaita wa Lewiyatan a littafin Ishaya 27:1. Zabura ta 74 ta yi maganar farfasa kawunansa, jam'i, ba kai ɗaya ba. Littafin Ayuba sura ta 41 ya fi kowanne zayyana shi: ɓawon jikinsa a manne har iska ba ta ratsawa, hayaƙi na fita daga hancinsa, harshen wuta daga bakinsa, yana tafasa zurfin teku kamar tukunya. Sura ɗaya kafin wannan aka kawo Behemot, ƙaton dabbar tudu mai cin ciyawa kamar sa.

Haɗa su biyu a matsayin kishiyoyi daga baya ya ƙarfafa. Littafin Anuhu na farko, wanda cikakkensa a harshen Ge'ez na Habasha ya tsira, ya ce an raba su ne, Lewiyatan aka kai ƙasan teku, Behemot aka kai hamada. Malaman Yahudawa suka ƙara da cewa a ƙarshen zamani za su gwabza, Behemot da ƙahoninsa, Lewiyatan da fukafukansa na iyo, kuma suka kawo na uku, Ziz, tsuntsun da in ya buɗe fiffike sai ya rufe rana. Dabbobi biyu da aka raba tun farkon duniya, suna jiran ranar karo, ga na uku a sama: lallai wannan ya yi kama da ƙashin bayan labarin Hoenn, ƙasar da wasan ke gudana a cikinta, ba musu.

Kafin in wuce, mai karatun littattafan Larabci ya taɓa gamuwa da waɗannan sunaye ko da bai lura ba. A ƙissoshin da Sa'alabi, wanda ya rasu a 1035, ya tattara, akwai kifin da aka ce duniya na bisansa, sunansa Lutiya, laƙabinsa Bahamut. Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, shi ma ya jero mala'ika a kan dutsen yaƙutu, dutsen a kan bijimi, bijimin a kan kifi. Ka ga a hanya sunayen sun yi musanya, Behemot na tudu ya koma kifi. Malamai suna lissafa irin waɗannan ruwayoyi cikin isra'iliyyat.

To, ga inda kwatancin ya karye. Lewiyatan maciji ne mai aman wuta. Kyogre ba maciji ba ne, kuma wuta ita ce abin da ya zo kashewa. In siffa za a bi, Rayquaza, doguwar koriyar halittar nan mai nannaɗewa, ya fi kama da Lewiyatan nesa ba kusa ba, kuma bai yi kama da tsuntsu Ziz ba ko kaɗan. Abin da ya fi wannan girma: a almarar Ugarit, mai ruwan sama shi ne maƙiyin dodon teku. Ba'al, mai hawa gajimare, mai tsawa da walƙiya, shi ya kashe Lotan, shi ya kayar da Yam. A wurin mutanen wancan yanki ruwa iri biyu ne masu gaba da juna, na sama mai raya gona da na teku mai cinye ƙasa. Kyogre ya haɗe su a jiki ɗaya. Shi ne dodon, shi ne mai kawo damina, har makaminsa na biyu a fagen fama tsawa ce, makamin wanda ya kashe kakansa.

Wannan haɗin a Gabashin Asiya ba baƙon abu ba ne. A Sin da Japan sarakunan teku su ake roƙo ruwa idan fari ya yi tsanani. Kuma akwai labari ɗaya da ya dace da Kyogre fiye da duk abin da ke cikin Ayuba. Yana cikin tsofaffin littattafan Japan biyu, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720. Wa da ƙane ne: Hoderi masunci, mai rabon teku, da Hoori maharbi, mai rabon dutse. Suka yi musayar kayan aiki, ƙanen ya ɓatar da ƙugiyar wansa a ruwa, wan ya ce shi dai tasa yake so, ba wata ba. Hoori ya gangara fadar Watatsumi, sarkin teku, ya auri 'yarsa Toyotama, ya yi shekara uku. Da aka samo ƙugiyar a maƙogwaron wani kifi, surukin ya sallame shi da jauhari biyu, ɗaya mai sa teku ya ciko, ɗaya mai sa ya janye. Ya kuma ce masa in wansa ya yi gona a tudu shi ya yi a kwari, in ya yi a kwari shi ya yi a tudu, domin ruwa a hannunsa yake, cikin shekara uku wan zai talauce. Haka aka yi. Da wan ya taso da faɗa, ƙanen ya fito da jauharin farko ruwa ya kusa cinye shi, da ya nemi gafara ya fito da na biyu.

Duba abin da ke ciki: na teku da na dutse suna rigima, sarkin teku ne ke raba ruwan noma, kuma dunƙulallun duwatsu biyu ke juya al'amarin. A wasan ma jauhari biyu ne, ja da shuɗi, ajiye a kan dutsen Pyre. Wurin da aka ce labarin ya faru shi ne Hyuga, kudancin tsibirin Kyushu, jihar Miyazaki ta yau, inda har gobe ake girmama Hoori da matarsa a wurin bauta na Aoshima. Ƙasar Hoenn kuwa taswirar Kyushu ce aka kwantar da ita a gefe, kuma daraktan wasan, Junichi Masuda, ya faɗi cewa a Kyushu yake hutun bazara yana yaro. A ganina duk mai neman tushen ikon Kyogre nan ya kamata ya fara tono.

Rigimar da ke cikin wasan tsakanin ƙungiyar Aqua mai son ƙara teku da Magma mai son ƙara tudu ma tana da 'yar'uwa a Kyushu ta zahiri. A Afrilun 1997 gwamnati ta saki faifan ƙarfe 293 a jere ta datse mashigin Isahaya na jihar Nagasaki domin mayar da wani yanki na ruwa gonaki. Masunta da manoma suka shafe sama da shekara ashirin suna shari'a a kai. Ɗan Japan da ya kunna wasan a 2002 bai buƙaci a fassara masa wannan faɗan ba.

Sai jiki da suna. A Japananci Kaioga ake kiransa. "Kai" teku ne, "o" sarki, kuma ƙarshen sunan yana amsa amon orka. Orka ita ce babbar dabbar nan mai shayarwa, baƙa da fari, da ke farautar har manyan kifaye. Farin haɓa da ciki, da fararen ɗigo biyu a saman ido, duk nata ne Kyogre ya ara, sai dai an mayar da baƙin shuɗi, an faɗaɗa fukafukan gaba suka zama kamar tafukan hannu masu farata huɗu-huɗu, an zana musu jan layi. Wani abin sha'awa, Japanawa suna kiran orka "shachi", kuma da harafi ɗaya suke rubuta ta da shachihoko, wata halittar almara mai kan damisa da jikin kifi. Ita ake girkewa a ƙarshen rufin fadoji, daidai inda magininmu zai sa zanko, bisa imanin cewa tana kiran ruwa ta kashe gobara. Mafi shahara su ne na zinariya biyu a fadar Nagoya. Ba su hana fadar ƙonewa a harin jiragen 1945 ba, amma ma'anar ta zauna: orka, ruwan sama, kashe wuta. Ma'aunin jikin dai kada a ɗauke shi da zafi. An rubuta tsawonsa mita 4.5, nauyinsa kilo 352, alhali namijin orka na gaske yakan kai mita 8 da tan 6.

Yanzu ƙarfinsa, domin a nan ne almarar ta koma lissafi. Ma'aunansa na asali: jini, wato yawan dukan da zai iya jurewa, 100, harin jiki 100, kariyar jiki 90, hari na musamman 150, kariya ta musamman 140, gudu 90, jimla 670. Baiwarsa, wato ikon da ke aiki da kansa, ita ce Drizzle: da ya shigo fili sai ruwa ya sauko. Ruwan yana ƙara wa harin ruwa rabin ƙarfinsa, yana rage wa harin wuta rabi, kuma Thunder, harin tsawa, wadda saitinta 70 ne cikin 100, ta daina kuskure. Daga wasannin 2002 har zuwa Black da White ruwan ba ya ɗaukewa sai wani ya sauya yanayin. Daga X da Y na 2013 aka rage shi zuwa zagaye 5, ko 8 in yana riƙe da wani dutse mai suna Damp Rock.

Abin tsoron shi ne harinsa na ruwa mai suna Water Spout. Ƙarfinsa 150 ne idan jinin Kyogre a cike yake. Ninka da 1.5 saboda jinsinsa ne, sake ninkawa da 1.5 saboda ruwa, ka samu kusan 337. A faɗan biyu-da-biyu yana dukan abokan gaba duka, kowanne ya sha kashi uku cikin huɗu, kusan 253. Sai dai ƙarfin yana bin jini sau da ƙafa: in jinin ya koma rabi, 150 ta koma 75. Nan mutane ke yin kuskure, su ci gaba da danna shi bayan an rage musu jini. Origin Pulse, harin da aka ba shi a 2014, ƙarfinsa 110 ne tsaye, saitinsa 85. Da jini ya sauka ƙasa da kashi 73 cikin 100, shi ya fi zafi. In ka sa yiwuwar kuskurensa a lissafi, iyakar tana wajen kashi 62. Shi ya sa masu gasa ke ɗaukar duka biyun, su cike da Thunder don 'yan'uwansa na ruwa da Ice Beam don na ciyawa. Kuma shi ya sa ake ɗaura masa Choice Scarf, gyale mai ƙara gudu: a mataki na 50 gudunsa mafi yawa 156 ne, gyalen ya kai shi 234, ya riga yawancin abokan gaba bugu tun jininsa na cike. Farashin shi ne ya maƙale a hari ɗaya har sai an janye shi.

Omega Ruby da Alpha Sapphire na 2014 sun ƙaro siffarsa ta farkon zamani, Primal Kyogre, wadda yake komawa in yana riƙe da shuɗin jauhari. Tsawo ya zama mita 9.8, nauyi kilo 430, hari na musamman 180, kariya ta musamman 160, harin jiki 150, jimla 770, zanen fukafukan ya fito da harafin alfa na Girkanci. Baiwar ta koma Primordial Sea: harin wuta ba raguwa yake ba, mutuwa yake gaba ɗaya, kuma ruwan ba ya da adadin zagaye. Amma yana ɗaukewa da zarar Kyogre ya bar fili, kuma tunda hannunsa na riƙe da jauhari babu zancen gyale.

Karonsa da Primal Groudon darasi ne. Groudon a wannan siffa jinsi biyu ne, na ƙasa da na wuta, ruwa na yi masa illa ninki huɗu, amma baiwarsa Desolate Land tana ƙafar da duk harin ruwa. Saboda haka faɗan ba na wa ya fi ƙarfi ba ne, na wa ya shigo ƙarshe ne, domin yanayin wanda ya shigo daga baya shi ke zama. In tare suka shigo, mai sauri ne ke fara kafa nasa, marar sauri ya goge shi. Gudunsu kuma ɗaya, 90 da 90. Don haka za ka ga ƙwararru da gangan suna rage wa Kyogre gudu, abin da sabon shiga zai ɗauka hauka ne. Rayquaza kuma da baiwarsa Air Lock yana soke tasirin kowane yanayi, sai ruwa ya sami Groudon ko da rana na ƙuna. Da Primal Kyogre da Rayquaza a tawagarsa Ba'amurke Wolfe Glick ya ci gasar duniya ta 2016 a San Francisco.

Lagonsa a bayyane yake. Kariyar jiki 90 ba ta da yawa, harin jiki na ciyawa ko lantarki yana karya shi, musamman mai riga kowa fita irin Grassy Glide na Rillaboom. Gastrodon mai baiwar Storm Drain yana shanye harin ruwa, lantarki kuma ba ya kama shi. Dabarar kariya ta Wide Guard na tare Water Spout da Origin Pulse duka. Ko ƙaramin duka ma, in ya riga shi, ya rage masa kaifi.

In kama shi kake so a Sapphire na asali, yana ƙasan Cave of Origin a mataki na 45, da Body Slam, Calm Mind, Ice Beam da Hydro Pump. Ka adana wasan a gabansa tukuna. Adadin kamuwarsa 5 ne cikin 255, daga 2014 aka mayar da shi 3. Ƙwallon kamu na Ultra Ball a kan cikakken jini kusan kashi 1 ne cikin 100, ɓarnar kuɗi ce. Net Ball, wanda ake sayarwa a garin Mossdeep a kan kuɗin wasan 1,000, yana ninka wa na ruwa sau uku, ya fi Ultra Ball mai sau biyu. Da jini ɗigo ɗaya da barci, kowace jifa kusan kashi 11 ce. Da shanyewar jiki ta Thunder Wave kusan 8 ce, amma ita ba ta warkewa, kuma ƙwallo 30 a haka suna ba ka kusan kashi 92. Bayan zagaye 30 Timer Ball ya kai ninki huɗu, sai a koma kansa. Master Ball, ƙwallon da ba ya kuskuren kamu, wanda ke maɓoyar Aqua a Lilycove, ka ɗauke shi a shigar farko domin ƙofar tana toshewa daga baya, kuma gara ka ajiye shi don Latias, wani Pokémon mai tserewa da an gamu da shi.

Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce Shedinja, Pokémon ɗin da ake samu idan wani mai suna Nincada ya rikiɗa. Baiwarsa Wonder Guard ba ta barin komai ya taɓa shi sai harin da yake da rauni a kai, kuma babu irinsa ko ɗaya cikin hare-haren Kyogre huɗun nan. Ka hana Nincada rikiɗa har mataki na 25 ya koyi False Swipe, harin da ke barin jini ɗigo ɗaya, sannan ka bar shi ya rikiɗa alhali akwai gurbi a tawagarka. Abin lura shi ne lokaci: hare-haren Kyogre huɗu jimlar amfaninsu 50 ne. In suka ƙare zai koma Struggle, wanda ke ratsa Wonder Guard, kuma komawar dukan tana kashe shi kansa in jininsa ɗigo ɗaya ne. A Emerald ya fi wuya. Yana Marine Cave a mataki na 70 da Hydro Pump, Rest, Sheer Cold da Double-Edge, jimlar amfani 35 kacal. Rest na mayar masa da jini cif ya wanke shanyewar jikin, Sheer Cold na kashe duk wanda bai fi shi mataki ba in ya samu, Double-Edge kuma in ya sami wani yana iya hallaka Kyogre ɗin da ka wahala ka rage. A gaban Shedinja duk ukun da ke duka ba sa aiki, saura Rest, wanda sau 10 kawai zai iya yi, kuma duk lokacin da ya yi shi barcin zagaye biyu ne da za ka iya sake sassaƙe jinin da False Swipe.